Yadda Na Ɗaura Wa Mamaci Aure

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma shekara talatin na yi ina jera fayil a ma'aikatar gwamnati. Shi ya sa da maƙwabcina a Malali, Malam Bulus, ya ce littattafansa na labarin zane da yake tarawa tun yana saurayi sun fara yagewa, na ce ya bar wa gwani. Ni zan jera, in kai wa masu ɗinkin littafi a Doka su ɗinke su wuri guda.

Ya ce, "Alhaji, akwai na gefe guda uku marasa lamba, bari in nuna maka inda suke shiga."

Na ce, "Malam, ni za ka koya wa jeri? A ofis, takarda marar lamba ƙarshe take zuwa."

Haka na yi. Aka ɗinke, aka shafa gam, aka sa bango mai kauri. Ba ya kwancuwa sai an yaga.

Ashe na gefen nan labarin samartakar wani direba ne da ke cikin littattafan, gurbinsu bayan littafi na goma. Direban ya mutu a na ƙarshe, an binne shi. A jerina kuwa, kana juya shafi sai ga shi da sabuwar hula yana neman aure.

Malam Bulus ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "To, Allah ya ba su zaman lafiya."

Har yau in na wuce ƙofar gidansu, matarsa takan leƙo ta ce, "Waliyyin ango, yaya jikin marigayin?"