Rasuwar Hoton Baba Azariya a Bakin Kasuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar kunya kuma, iyalan Baba Azariya na Madakiya ke sanar da rasuwar hoto ɗaya tilo da Baba ya taɓa yin kyau a ciki.

An haifi marigayin a ƙofar coci ranar godiyar kaka, shekara shida da suka wuce. Ya yi rayuwarsa lafiya lau a ƙaramar wayar Baba, mai fuska kamar kwalin ashana. A can, wayyo, ba furfura, ba giɓi, hular ma ta zauna daram. Duk wanda ya tsaya gaisuwa sai an nuna masa, ko bai tambaya ba.

Ciwon ajali ya soma ne da Baba ya fito takarar shugabancin manoman citta. Ya tura hoton ga 'yarsa Lucia, ita ta tura wa mijinta, mijin ya tura wa mai buga fasta a Kafanchan, kowace tafiya marigayin na ramewa. Mai shagon ya duba a kwamfuta, ya kira waya: “Baba, wannan ko girman kalanda ba zai kai ba.”

“Ɗana, a wayata tsaf yake. Ja shi ƙafa goma! Kar ma ka sa suna, wa bai san fuskata ba?”

Aka ja. Hanci ya narke, idanu suka farfashe, gashin baki ya haɗe da wuyan riga. Kwana uku ya yi yana jinya a rataye a bakin kasuwa, iska na kaɗa shi fat-fat. Daga tsallaken titi za ka ce mutum ne, a kusa kuwa ka rantse kunu aka zubar. Babban abin takaicin, jama'a suka ɗauka Gershon ne, abokin hamayyar Baba, suka ce lallai ɗan takara mai fasta irin wannan ya shirya. Shi suka zaɓa. Baba ya yi kuka, mun gani da idonmu.

Marigayin ya bar waya ɗaya, caja ɗaure da roba, da ƙaninsa hoton katin zaɓe, wanda ba a nuna wa baƙi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a kan rufin akurkin kaji, fuska ƙasa. Zumuntar mata za ta yi waƙa. Ana gayyatar kowa ban da Gershon, wanda ya aiko sau biyu yana roƙon a ba shi gawar ya rataya a falo, wai bai taɓa yin kyau haka a hoto ba.