Ranar da Na Yabi Shayin Japan

Ba zan taɓa mantawa da wannan la'asar ba, ko da zan manta abin da na ci jiya. Daminar da ta biyo bayan kullen annobar nan ce, wadda aka hana mu masallaci da gidan biki, shekarar da iska ta tuge tsohon mangwaron gidanmu ya danne katangar maƙwabta, a watan da likita ya cire mini yanar idon hagu.

Ni dai ban yi boko ba. In an rubuta sunana a bango zan wuce shi har in yi masa sallama. Amma hanci da harshe, wannan kam Allah ya ba ni, ba na kuma ɓoyewa. Zaman da na yi a Tudun Murtala kafin mijina Malam ya rasu, ni ke haɗa wa mata yajin jego da kayan shayi, har daga Gawuna ake aiko mini. In na kurɓi kofi zan gaya muku cittar sabuwa ce ko ta gaji da zama a buhu, kanumfarin dakawa aka yi ko jefa shi aka yi ɗungum. (A ƙauyenmu can wajen Ringim, ina yarinya, in aka ce yau ana shayi a gidan wane, ba kofi ake nema ba, wanzami ake kira. Shayin sha a birni na tarar da shi, na kuma fi 'yan birnin iya shi.)

Bayan rasuwar Malam, babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, ku dai ce Alhaji, ya ɗauko ni ya kawo gidansa a Nassarawa. Unguwa ce mai manyan bishiyoyi da dogayen katangu, in kika yi atishawa sai dai kurciya ta amsa miki. A nan na zauna ina kallon ganye na faɗuwa, har jikata Ummi ta gama karatu a Malesiya ta dawo. Sunana ta ci, shi ya sa ake ce mata Ummi, ni kuwa takwara nake ce mata. 'Ya'yan mutane na dawowa da takalma da jakunkuna, ita akwati guda ta ciko da gwangwanayen ganyen shayi. Wani ganyen dogo a murɗe kamar ƙafar fara, wani da busasshen fure a ciki, wani dunƙule ne kamar kashin awaki, sai an zuba masa ruwan zafi ya buɗe a hankali cikin kofin gilashi kamar mai miƙa bayan barci. Kullum da yamma mukan zauna a baranda ta dafa guda, mu sha, mu yi musu. Tun zuwana unguwar ban samu abin da ya ɗebe mini kewa kamar wannan ba.

To, akwai wani yaro injiniya ɗan Badawa, Sadiku, da ke son Ummi, ita ma in an ambace shi sai ta kama gyaran ɗankwali. Abin da ya tsaya shi ne mahaifiyarsa, Hajiya Turai. Ta daɗe a Landan tare da mijinta, kuma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Magana ta zagayo ta iso kunnena cewa ta tambaya, "An ce kakar yarinyar 'yar ƙauye ce ko?" Ana nan sai ga aike, wai za ta zo duba ni da idon da aka yi mini aiki. Dubiya ce a baki, amma kowa a gidan ya san gida za ta gani, kuma iyayen Sadiku maza ba za su tako neman aure ba sai ta koma ta gyaɗa kai.

Ummi ta same ni a ɗaki ta durƙusa. "Hajiya, don girman Allah, in sun zo ki yi ta murmushi kawai."

Na ce, "Ke takwara, ni za ki koya wa zama da mutane? Ni na goye ubanki."

"Shi ya sa nake roƙo, ba umarni na ba ki ba."

Ana jibi za su zo na leƙa kicin, ido ɗaya a rufe da auduga. A can saman kanta na hangi wani ɗan gwangwani baƙi mai zanen tsuntsu, kyakkyawa, ban taɓa ganin Ummi ta sauko da shi ba. Na buɗe, sai ga koren gari. Na shinshina. Na ce innalillahi, wa ya cuci matar Alhaji ya sayar mata da wannan matacciyar kuka? Ba ƙamshi, ba komai, sai warin ɗanyar ciyawa. Baƙi za su zo, a ce a gidan da nake ake kaɗa wannan? Na fita na juye shi a gindin fulawa, na wanke gwangwanin na shanya, na cika shi da kukata da ƙanwata ta aiko mini daga gida, wadda aka shanya a inuwa, kore shar. Na mayar inda yake. Ban gaya wa kowa ba, don ni ba na gorin alheri.

Ranar, ruwa ya sauka tun azahar ya ɗauke bayan la'asar. Ƙasa na ƙamshi, bishiyoyi na ɗiga, hasken rana ya yi laushi kamar an tace shi. Hajiya Turai ta shigo da tabarau mai ruwan zinare, doguwa, maganarta ƙasa-ƙasa. Tare da ita akwai yayar mijinta, Gwaggo Yalwa, tsohuwa sa'ata, goro a kunci, wadda bayan gaisuwa ta zauna ta yi shiru tana kallon labule. Aka yi mini ya jiki, na yi murmushi kamar yadda aka roƙe ni. Wallahi na yi ƙoƙari.

Sai Ummi ta shigo da tire, butoci ƙanana da kofuna. Hajiya Turai ta dubi kayan, ta dube ni, ta ce, "A'a, ashe Hajiya ma na shan irin waɗannan?"

Wannan "ma" ɗin shi ya kashe ni. Da ta ce ashe Hajiya na sha, da an rabu lafiya.

Na ce, "Takwara, zo ki ɗaure mini ido da mayafin nan. Dama likita ya ce in rage haske. Ki riƙa miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, in gaya wa baƙinmu abin da ke ciki."

Ta zo ta ɗaure shi a ƙeyata. Ta raɗa mini, "Hajiya, murmushi fa muka ce." Na yi kamar ban ji ba.

Na farko ya zo. Baƙin shayi ne mai ɗan ɗaci, ƙamshi na tashi a bayansa. Na ce, "Ɓawon lemo, amma ba lemon nan namu ba, wannan ya fi shi yanga." Ummi ta ce haka ne. Na biyu na kai baki sai na ga kaina a ɗakin amarcina, an yayyafa ruwan wardi a kan gado, ina jin guɗa daga nesa. Na ce, "Fure ne, ja, kuma ba a daɗe da tsinke shi ba aka shanya." Na uku hayaƙi ne zalla, kamar ranar da aka ƙone karan gona iska ta kwaso shi ta ratsa zana. Na ce, "Wannan a kan wuta aka busar da shi, itacen kuma mai ƙaro ne." Na ji Hajiya Turai ta ce, "Ikon Allah." Kaina ya ƙara girma har mayafin ya matse ni.

Cikin duhun nan, da ɗumi a ciki, da ɗigar ruwa a waje, sai na ji kamar kujerar na tafiya da ni a kan kogi. Muryoyinsu suka yi nisa. Na ji Ummi na cewa, "Na ƙarshe na musamman ne, daga Japan, ban taɓa buɗe wa kowa ba. Gari ne, ana ce masa maca."

Na ce, "Mace ko namiji, kawo shi."

Sai na ji wani sauti, caka-caka-caka, ashe wani ɗan maburgi ne na gora take kaɗa shi da shi a kwano. Sautin nan ya ɗauke ni cak ya ajiye a tsakar gidanmu na Ringim. Ga Inna a bakin murhu ta juya mini baya, ga akuyarmu mai kunne ɗaya, ga inuwar babbar bishiyar bayan gida ta miƙo har bakin rumbu. Maburgin ya tsaya. Ummi ta ce, "Hajiya, tsaya, kamar damina ta taɓa shi, ya yi wani..."

"Miƙo nan. Ke me kika sani?"

Ta sa masa madara da zuma, ta zuba wa kowa. Na kurɓa. Ya yi kauri, ya bi maƙogwaro sulɓi kamar ya san hanya. Ƙamshin ya bugi wani wuri a ƙirjina da ya daɗe a rufe, har hawaye ya jiƙa audugar idona. Na ajiye kofin a cinya na buɗe baki, kuma wannan shi ne abin da na ce, ban rage ko ɗaya ba (ke mai rubuta mini, daina dariya ki rubuta):

"Wannan shi ne sarkinsu. Duk ƙasar da ta fitar da ganyen nan Allah ya yi mata albarka. Ina jin duwatsu a cikinsa, ina jin hazo. Irin wannan ganye ba ya tsirowa a ƙasar Hausa, mu namu ganyen sai dai miya. Wannan yauƙin da kuke ji, shi ne alamar na gaske."

Hajiya Turai ta ce, a hankali, "Gaskiya ne, Hajiya. A Landan ma haka muke shan sa."

Sai na ji ƙarar cokali a jikin kofi, sannan wata murya da ban ji ba tun gaisuwa. Gwaggo Yalwa ce.

"'Yar nan, shayin ya yi. Saura daddawa. In kuma tuwon ya nuna a miƙo."

Na fizge mayafin. Abin da idona mai kyau ya fara gani shi ne cokalin Gwaggo a sama, zaren yauƙi ya biyo shi bai tsinke ba. Abu na biyu, a kan tire, ɗan gwangwani baƙi mai zanen tsuntsu.

Jama'a, na haifi 'ya'ya, na binne miji, na shiga jirgin Makka, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da ake aiko wa daga Gawuna. Ni da aka yaye da kuka. Na dubi Ummi, ta sunkuyar da kai, ƙwalla na ɗiga a kan tire, na san ba shayinta take wa kuka ba. A raina na ce shi ke nan, na kashe wa yarinya aure da bakina.

Ƙarya ba ta da wurin tsayawa, ga shaida na lilo a cokali. Na ce, "Kukata ce. Ni na zubar da na Japan ɗin a gindin fulawa, na ɗauka matacciyar kuka ce."

Gwaggo ta lashi cokalin. "Ta ina ce?"

"Ringim."

"Na ji. Ta inuwa ce. Rabona da irinta tun mijina na da rai."

Hajiya Turai ta dubi kofinta, ashe ta riga ta sha fiye da rabi. Ta cire tabarau ta ajiye. Kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba a koyo a Landan, har tana dafa gwiwata tana cewa, "Wayyo cikina, Hajiya, duwatsu! Hazo!" Na ce, "Ke kuma a wace unguwa ce a Landan ake kaɗa kuka da madara?" Ta zame daga kujera ta zauna a kan kafet.

Ba su tafi ba sai da matar Alhaji ta tuƙa tuwo, na shiga da kaina na kaɗa miyar daga gwangwanin tsuntsun nan, da daddawa da man shanu. Da na raka su bakin mota, Hajiya Turai ta riƙe hannuna ta matso.

"Hajiya, maganar Landan ɗin nan ta tsaya a falon nan."

"Ta Japan ma haka."

"Iyayensa maza na nan tafe. A gaya wa Alhaji."

Ni na riƙe alƙawari, ita ma ta riƙe. Gwaggo Yalwa ce ba a yi da ita ba, kuma ranar kamun Ummi ta karɓi lasifika daga hannun mai sanarwa ta ba wa mata cike da zaure labarin tun daga farko, har da kwaikwayon muryata.

Abin da na koya bai da yawa. Harshen da nake taƙama da shi ashe kunnena yake bi, in an ce masa Japan sai ya ga Japan. Yanzu in an miƙo mini kofi nakan sha da ido a buɗe, in kuma jira wani ya fara yabo. Gwangwanin da ba nawa ba kuwa, ko macijin roba ne a ciki, ba na taɓawa.

Gwaggo Yalwa ta rasu azumin da ya wuce, Allah ya jiƙanta, ta tafi da alhakina. Ƙanwata mai aiko da kukar ita ma ta riga ni. Matar Alhaji na nan, Ummi na Badawa da 'ya'yanta, ta sake sayen garin Japan ɗin ta kulle a durowa. Hajiya Turai na nan da ranta, gwiwa ta hana ta fita, amma takan bugo mini waya, kuma ba ta taɓa fara gaisuwa ba sai ta tambaye ni ya hazon duwatsun Ringim. Sai ni, da nake nan a baranda, ina jiran ruwa ya tafasa.