Ranar Da Na Hana Baƙona Naman Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yar Alhaji Sani a McLeansville, wani gari kusa da Greensboro, ba. Ko na so mantawa, Hajiyata ba za ta bari ba.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina tuƙa motar kaya a wani kamfani a Greensboro. Wata rana ina jiran likita na ɗauki mujalla, na ga hoton wata tsohuwa 'yar Japan tana aikin gona tana dariya. Da ɗan Turancina na tsinci cewa mutanen can suna daɗewa a duniya saboda shinkafa da kifi da ganye suke ci. Shi ke nan, na zama malamin abinci. Na hana suya a gidana, na hana jan nama. Duk wanda na gani da tumbi bayan Juma'a sai na tare shi da nasiha (alhali nawa tumbin kan riga ni shiga masallaci). Har aka laƙaba mini Likita, ni kuma na ɗauka yabo ne.

A wurin aikinmu akwai wani injiniya ɗan Japan, Kenji, mutum mai fara'a. Ban taɓa tambayarsa abin da yake ci ba. Me zan tambaya, ai na karanta! Na gayyace shi sunan don masu yi mini gardama su ga hujjata da idonsu.

Na sa Hajiya ta dafa masa kifi a ruwa, ba mai ba yaji, da farar shinkafa. Ta ce, "Malam, baƙo a gidan suna a hana shi nama? Me za a ce da mu?"

Na ce, "Ke dai zuba, ba ki san su ba."

Ana gashin rago a bayan gida, maza na zaune a kan tabarmi. Alhaji Sani da kansa ya kawo wa baƙo tiren balangu, na tare hannunsa. Na ɗaga murya na ce, "Alhaji, su ba sa cin wannan. Dubi jikinsa, ka dubi naka!"

Kenji ya kai cokali ɗaya na kifin, idonsa na kan tire. Can ya tambaya cikin ladabi ko zai iya ɗanɗanawa. Ya ɗanɗana, ya gyara zama, ya nemi ƙarin yaji.

Alhaji ya ce, "A'a, ba an ce ba kwa ci ba?"

Kenji ya nuna kwanon kifin ya ce, "Wannan irin abincin kakata ne. Mu da burodi da madara muka tashi a makaranta. Yanzu yaranmu nama suke so da soyayyar kaza. Mahaifina manomin shinkafa ne, kullum kukansa ba a cinta kamar da."

Wani ɗalibi ya fassara wa waɗanda ba su ji ba (Allah ya saka masa, bai rage ko kalma ba). Wuri ya kaure da dariya. Alhaji ya turo mini kwanon ya ce, "To Likita, kada abinci ya yi asara. Bismillah, Allah ya ƙara tsawon rai."

Na cinye shi tas, ƙanshin balangu na dukan hancina. A mota na nemi gafarar Hajiya, ta ce sai mun biya kantin nama tukuna.

Tun ranar, baƙo ko daga wata duniya ya zo, nakan ajiye masa duk abin da aka dafa in ja bakina in yi shiru. Cikinsa ya fi ni sanin garinsu.