Rasuwar Ɗan Maɗaci, Allon Hinjin Malam Shitu

Cikin baƙin ciki da karyewar zuciya, Malam Shitu Kafinta na bakin kasuwar Funtua yake sanar da 'yan'uwa, da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa kafa wa ƙofa, rasuwar abokin aikinsa, allon hinji wanda aka fi sani da Ɗan Maɗaci. Ya rasu ranar Laraba da hantsi a garin Maska, yana bakin aiki, bayan jinyar damina biyu. Ya bar duniya yana da shekara goma sha ɗaya.

Ga wanda bai san marigayin ba, ga kamanninsa. Gajere ne, bai wuce kamu ɗaya ba, ja ne mai duhu, gumin hannu ya sa shi sheƙi. Yana da taga a tsakiya daidai girman hinji mai inci huɗu, da wata siririya ta ramin makulli. A kan kafe shi a bakin ƙofa da 'yan ƙusoshi biyu, inji ya bi cikin tagar yana ƙwaƙule katako, a ɗaga shi, sai ga mazaunin hinji fes, ba ƙari ba ragi.

An haife shi a 1977, shekarar da Alhaji Jimoh mai kayan gini ya dawo daga Ibadan da injin ƙwaƙular katako, wanda kafintoci ke kira rauta. Injin nan akwai gudu, babu hankali, duk inda hannu ya karkata nan yake ci. Malam Shitu ya saya, ranar farko injin ya cinye bakin ƙofa biyu, Malam Shitu ya kusa mayar wa Jimoh kayansa. Daga baya ya ɗauko guntun maɗacin da ya rage lokacin da ya yi wa matarsa Tasalla gado, ya zauna kwana uku da kurfi da magagari, yana gogawa yana gwada hinji. A lokacin idonsa yana iya ganin silin gashi a kan katako.

Marigayin mai gaskiya ne. Bai taɓa nuna wa mai kuɗi awo daban, talaka daban ba. Ya yi azuzuwan firamare tun daga Bakori har Malumfashi, ya yi shagunan auduga, ya yi ɗakunan amare da ɗakunan ajiyar masara, kuma ba a taɓa jin ƙofarsa ta ja ƙasa ko ta yi gardama da makulli ba. Ba shi da surutu. Maganarsa ɗaya ce, in ya zauna daidai a bakin ƙofa ya ce ƙwas, shi ke nan.

Sai dai babban alherinsa, wanda ba a sani ba sai yau, shi ne rufin asiri. Shekara uku ke nan da yanar ido ta fara rufe wa Malam Shitu gani. Lambobin tef suka fara gudunsa, sannan layin fensir. Bai gaya wa kowa ba, don ya san halin mutane: ranar da aka ji kafinta ba ya gani, ranar ce za a daina sallama a shagonsa. Da yatsa yake laluben bakin ƙofa, ya ɗora allon, ya saurari ƙwas, ya tayar da inji. Mutane na cewa hannun Malam Shitu sai ƙara kyau yake yi. Allon yana ji, bai tona shi ba.

A nan dole a faɗi laifin mai sanarwar, tunda shi ma ya yarda a faɗa. Duk shekara sai Jimoh ya ce masa, "Malam Shitu, ka yanka wa yaron nan ƙane mana, katako ne fa." Shi kuma ya murtuke fuska ya ce, "Haba Alhaji! In yanka wani yana raye yana kallona? Ai kamar na sayo masa likkafani ne na ajiye a gabansa." Taurin kan Malam Shitu kuwa, ko maɗacin bai kai shi ba. Da ya zo ya sauko yana son yankawa, idon ya riga ya tafi. In kuma ya kai wa wani kafinta ya kwaikwaya masa, ai tambaya ta farko ita ce, me ya hana ka yi da kanka?

Ciwon ajali ya fara ne daga ramukan ƙusa. Shekara da shekaru ana kafawa ana cirewa, suka yi faɗi, sanyin damina ya shiga, wata 'yar tsaga ta bayyana. An yi masa magani da gam, an cusa masa tsinken ashana, ya ɗan ji sauƙi ya koma aiki. Ranar Laraba suka je Maska kafa ƙofar ɗakin ajiyar wani manomi, Malam Mudi. Aka kafe shi, ya ce ƙwas ɗinsa, amma muryar ta yi sanyi. Inji na tashi, allon ya goce kaɗan. Da mai ido ne, da ya gani ya tsaya. Malam Shitu bai gani ba, ya ci gaba da turawa. Sai ya ji tas, abu ya rabu biyu a ƙarƙashin hannunsa.

Malam Mudi ya ɗauka yatsa ya yanke, saboda yadda ya ga dattijo ya zauna a ƙasa yana hawaye.

Marigayin ya bar inji ɗaya, wanda ya koma rashin hankalinsa na dā. Ya bar kurfi uku, da zarto, da guduma, da tef ɗin da ba mai karanta shi. Ya bar ƙofofi fiye da ɗari huɗu, duk suna buɗuwa suna rufuwa cikin ƙoshin lafiya. Ya bar Tasalla, wadda ta daɗe da gane abin da ake ciki, tun ranar da mijinta ya miƙa hannu ya wuce kwanon fura, ita ma ta yi shiru. Ƙofar Malam Mudi tana nan jingine da bango, masara na jira. An roƙi Abdussamad Kafinta na Bakori ya je ya ƙarasa ta, kuma daga yau duk mai aikin ƙofa ya nufi can.

Liman ya ce ba a yi wa katako salla, Malam Shitu bai yi musu ba. Tasalla ta yi alkawarin ba za ta kai gawar murhu ba, ko da itace ya yi tsada. Za a naɗe ɓarin biyu a tsohuwar rigar aiki, a binne su ranar Juma'a bayan la'asar a ƙarƙashin dokin ƙofar shago, sannan a rufe shagon. Za a yi zaman gaisuwa kwana uku a ƙofar gidan Malam Shitu. Ba a buƙatar kowa ya kawo katako, ko da maɗaci ne.

Ana dai roƙon masu zuwa gaisuwa, ko da abokan shekara talatin ne, kowa ya faɗi sunansa in ya yi sallama, don Malam Shitu ya san wanda yake amsa wa.