Nomau da Ruwan Wankan Jego

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe, ana tsakiyar damina, Hansai matar Nomau ta sauka lafiya, ta samu 'ya mace. Nomau manomi ne a Tudun Kargo, mutum mai ƙarfi da biyayya. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Gidansa ɗaki biyu ne da rumfar girki. Kafin azahar ƙanwar babansa, Gwaggo Yalwa, ta iso da ƙullin kayanta don yi wa mai jego wanka. Ta dubi ƙafafun Hansai, da suka kumbura tun cikin yana wata bakwai, ta ce, “Sanyi ne ya shige ta. Kwana arba'in, safe da yamma, tafasasshen ruwa. In aka yi wasa, gawa za a ɗauka.” Maƙwabcinsa Isuhu, wanda matarsa Ladidi ta haihu a makon, ya riga ya jibge itace amalanke biyu a ɗaki. Nomau ko ƙirare bai tanada ba.

Wata rana Gwaggo ta gaji da hura ɗanyen itace, idonta ya yi ja. Ta ce, “Kai Nomau, nemo mini itacen da ya fi kowanne bushewa, ko daga ina ne.” Ya zaga gari yana taɓa itace ɗaya bayan ɗaya, duk a jiƙe. Ya dawo gida ya ɗaga kai, ya ga sandunan rumfar girki, shekara shida hayaƙi na gasa su. Ya zare su ya faskara. Wuta ta ci da kyau. Da la'asar aka kece da ruwa, murhu ya cika, garin kunu ya jiƙe.

“Wa ya ce ka rushe rumfa?” in ji Gwaggo.

“Kin ce ko daga ina ne, Gwaggo.”

Wata rana yayansa Sabi'u ya zo barka daga birni, da risho da galan ɗin kananzir. Ya ce, “Zamanin itace ya wuce. Amma ka kula, man nan shi zai kai ku arba'in, ba zan ƙara aikowa ba.” Nomau ya zauna da tsakuwa ya lissafa: saura kwana talatin da biyar, wanka saba'in. Ya samo ƙaramin gwangwanin tumatir ya auna, ya ga kowane wanka gwangwani ɗaya zai samu. Wutar takan mutu ruwan bai ko fara kuka ba. Gwaggo ta ce a ƙara mai, ya rungume galan ya ce Yaya ya ce sai arba'in. Matan da suka zo suna suka tsoma yatsa a ruwan, suka tafa hannu, suka tafi da labari.

Wata rana Isuhu ya ba shi aron hita, ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti a jona da lantarki. Ya ce, “Mu ba ma bukata, muna da itace. Ka tsoma, ka jona. Kada kowa ya taɓa ruwan, kada ka tashi sai ya tafasa.” Mako guda ke nan ba a kawo wuta ba, amma Isuhu bai yi maganar wannan ba. Nomau ya tsoma, ya jona, ya zauna. Kwana biyu yana gadin bokiti, salla ma a gefensa yake yi. Rana ta biyun ita ce aka sa don gayyar noman dawarsa. Mutane suka jira mai gona har rana ta take, suka saɓa fartanya suka watse.

Hansai ta leƙo ta ce, “Malam, tashi ka ci abinci.”

“Bai tafasa ba.”

Ta koma ɗaki ta juya fuska bango.

Wata rana Gwaggo ta cire kunya ta roƙo itace a gidan Isuhu. Ta ɗora tukunya mai cin bokiti biyu, ruwa ya tafasa har murfi na rawa, ta jiƙa kanwa don kunu. Ta ce wa Nomau, “Aikinka ɗaya ne, ko jaki zai iya. Kada tukunyar nan ta ragu. Abin da na ɗiba, ka mayar.” Ta ɗebi bokiti ta surka ta wanke jaririya, ya mayar da bokiti daga rijiya. Ta ɗebi na biyu ta jiƙa zannuwa, ya sake mayarwa. Da ta zo ɗibar na mai jego, ta tsoma hannu har gwiwa ko gezau. Itacen roƙo kuwa ya zama toka.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure ƙullinta, ta ɗauki kanwarta, ta ce, “In sanyi ya kashe yarinyar nan, kai ka kashe ta.” Ta koma gidan Isuhu, inda ake tafasa ruwa yadda ta saba. Hansai ta ci gaba da wanka da ruwan gwangwani ɗaya, mai ɗumi-ɗumi. A masallaci mutane suka rage amsa gaisuwar Nomau.

A kwana na ashirin da biyar ya ga Hansai tana haki in ta yi tafiya, ya ɗauke ta a keke zuwa asibitin ƙauyen. Malamar asibiti ta saurari ƙirjinta, ta tambayi irin wankan da ake mata. Nomau ya sunkuyar da kai ya faɗi komai, tun daga rumfa har tukunya, yana jiran zagi.

Malamar ta ce, “Zuciyarta ta gaji tun kafin ta haihu. Da an haɗa mata tafasasshen ruwa da kunun kanwa, ban sani ba ko za ta kawo yau. Ga magani. Ka ci gaba da gwangwaninka.”

Ladidi ta kumbura a mako na huɗu, aka kai ta birni, ta rasu tana da kwana talatin da uku da haihuwa. Hansai ta yi arba'in ranar Asabar, ta goya 'yarta ta fita gaishe-gaishe. Kananzir ya ragu gwangwani biyar, Nomau ya aika wa Sabi'u da ragowar. Ciyawa ta cinye dawarsa a shekarar, kuma Gwaggo ba ta ƙara taka gidansa ba.