Ranar da Na Ba Alhaji Tukur Minti Tara

Ba zan taɓa mantawa da wannan la'asar ba, ko da yake ba zan rantse a kan kowane bayani ba. Shekara uku ke nan, kuma na lura kunya tana goge wasu abubuwa, ta ƙara wa wasu girma.

Lokacin na gama karatun kwamfuta a jami'a, ina zaune gida a Bodinga babu aiki. Kawuna Sahabi yana cikin ƙungiyar manoman albasa goma sha biyu a wata fadama wajen Lambara. Injin ban ruwa guda suke da shi, kuma kowane rani rabon awanninsa sai ya haɗa su faɗa. Kawu ya tashi a taronsu ya ce yana da ɗa wanda zai sa kwamfuta ta yi rabon, ita da ba ta san ɗan uwa ba. Har ya ce in abin bai yi ba, kada a ƙara sauraron shi a kan maganar inji. (Da ya tambaye ni tukuna, da na ce wataƙila.)

Lissafin ba nawa ba ne. Wani malaminmu ya rubuta shi tuntuni da Fortran, tsohon yaren kwamfuta mai saurin lissafi. Ana ba shi jadawali: kowace gona da yawan fangalinta, da kwanakin dashe, da lambar irin ƙasarta, shi kuma ya fitar da lokacin ruwa. Ni wani yaren kwamfuta na iya, Python, don haka aikina kawai in shirya jadawalin a can, in kira lissafin malam, in miƙa masa.

Kada a ce ban gwada ba. Na gwada har sau talatin, saboda ni mutum ne mai duba ƙofar da ya riga ya kulle. Sai dai duk gwajin da gona ɗaya na yi shi, ta Kawu, don ita kaɗai nake da amsarta a takarda. Abin da ban tuna ba shi ne Python a kwance yake jera jadawali, gona bayan gona, Fortran kuwa a tsaye yake karantawa, daga sama zuwa ƙasa. In gona ɗaya ce, babu kwance babu tsaye, amsa daidai take fitowa. In sun kai goma sha biyu, kwanakin wani sai su zama fangalin wani.

Ranar taron an shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a, alhali ranar Talata ce. Na zuba duka gonakin a karon farko, na danna, na fara karantawa da ƙarfi. Ta Kawu ta fito da awa biyu da 'yan mintuna, abin da hankali zai ɗauka. Sai Malam Nomau, mai fangali shida a bakin hanya, ya samu awa goma sha tara. Maimakon in tsaya, sai na ci gaba. Alhaji Tukur, wanda gonarsa ta fi ta kowa, wanda kuma shi ya kawo injin daga Sakkwato: minti tara.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Alhaji ya juya wajen Kawu, ba wajena ba.

"Sahabi, minti tara nij ji ko kunnena na? Ko tayar da injin ya fi haka."

Nan ne na yi abin da har yau yake hana ni sakewa. Na ce, ranka shi daɗe, mai yiwuwa ƙasar gonarka tana riƙe danshi sosai. Na faɗa wa mutumin da ya shekara arba'in yana taka wannan ƙasa.

Malam Nomau ya ce cikin sanyin murya, "Ɗana, ni albasa nika nomawa, ba kifi ba. Ka mayar mishi da ruwanai."

Aka shafa fatiha, aka koma tsohon rabo da tsohon faɗansa. A hanyar dawowa Kawu ya goyo ni a babur har Bodinga, abin da kawai ya tambaye ni shi ne ko jakar kwamfutar ba ta yi mini nauyi ba. Washegari na gano matsalar. Layi ɗaya ne gyaran, wanda ke gaya wa Python ya jera a tsaye. Na kira Kawu da murna, ya ce Allah shi yi albarka, in adana. Ya cika alkawarinsa kuwa: har yau in an zo maganar inji, shiru yake yi, kuma na ji an ce lokacin ruwansa yanzu tsakar rana ne, wanda ba mai so.

Darasin da na ɗauka ƙarami ne ƙwarai: gwaji talatin da gona ɗaya, gwaji ɗaya ne. Yanzu ko shayi zan haɗa wa mutane, da kofi biyu nake farawa.

In akwai wanda ya zauna a tabarmar nan ya tuna abin dabam, don Allah ya aiko mini da gyara. Musamman in ya ji Kawu ya yi wata magana da ni ban ji ba.