Akwatin Cikin Akwati

Duk abin da tsufa zai kwashe daga kaina, ba zan taɓa mantawa da taron ƙungiyarmu na bara ba. A lokacin ni ne sakataren masu sayar da kayan gyaran mota a layinmu na Apo, ba don ilimi ba (aji uku na yi a sakandare, sauran a bakin titi na ƙarasa), sai don ni kaɗai ke yawo da biro biyu a aljihu.

Da furfura ta gama cin kaina sai na shiga ajin kwamfuta wurin Madam Ladi, wata 'yar Filato mai shago a unguwar Gudu. Na yi ta fama har na iya haɗa shafin intanet. Daga nan kai ya kumbura. Na yi wa ƙungiya alkawarin shafi mai jerin sunaye, irin wanda in ka taɓa sai ya zubo ƙasa, kowa ya zaɓi nasa ya yi rajista.

Ga inda gizo ke saƙar. Muna da Musa bakwai da Alhaji Sani huɗu. Bayanin kowane mutum a kwamfuta kamar akwati ne: sunansa na sama, a ciki kuma akwai ƙaramin akwati na shagonsa, mai gurbin lamba da gurbin suna. Shagunanmu kuwa ba su da suna. Sai na cike gurbin da laƙabin da nake gane kowa da shi a zuciyata. Wa zai gani? Daga ni sai Allah.

Ashe jerin nan ɗan gadara ne, abin da ke saman akwati kawai yake ɗauka. Na ce ya shiga ciki ya ɗauko lambar shago don a bambance Musa da Musa, ya ƙi. Na sa masa ɗigo tsakanin shago da lamba kamar yadda aka koya mana, ya nuna bai san zancen ba. Na kira Madam Ladi.

"Baba, wannan jerin ba ya shiga ɗaki," in ji ta. "Ka fito da lamba ka ajiye masa a sama. Lamba kawai fa! Kar ka juye akwatin duka."

Na ce, "Madam, ni da na sauke injin tirela?"

Na juye duka. Abin da ban sani ba, sunan ciki da ya fito sai ya haye kan sunan sama ya danne shi. Ban ga jan rubutun kuskure ba, na tura shafin zuwa zauren ƙungiya na waya, na rufe kwamfuta na tafi masallaci. Gwani ba ya duba aikinsa.

Ranar Asabar bayan la'asar rumfa ta cika, an aro majigi. Shugaba ne zai fara taɓawa, Alhaji Sani babba, surukina, wanda 'yarsa ke auren ɗana (shekara goma ko tari ban taɓa yi da ƙarfi a gabansa ba). Ya miƙa yatsa. Jeri ya zubo. Oga Sunday mai lasifika, wanda duk abin da ya gani a rubuce sai ya karanta, ya gyara murya:

"Lamba ɗaya. Tumbi Ya Riga Shi Sallama."

Innalillahi!

"Lamba biyu, Musa Kunnen Faranti. Lamba uku, Rantsuwa Kafin Gaisuwa. Lamba huɗu, Barci A Sahun Gaba..."

Lambobin da na sha wahala a kansu kuwa sun fito tsaf, kowacce a gefen mai ita, babu hanyar musu. Na yi tsalle na fizge wayar majigi, ni da gwiwata ke ƙara in zan yi ruku'u. A banza. Kowa ya riga ya zaro wayarsa.

Shugaba ya juyo a hankali. "Malam Sakatare, shago mai lamba ɗaya nawa ne ko?"

"Ranka ya daɗe, cuta ce ta shiga kwamfutar."

"Cutar ta san tumbina?"

Sai Musa mai lamba biyu ya miƙe, hannunsa ɗaya a kunne, ya ce a karanta na sakatare. Oga Sunday ya leƙa wayarsa.

"Lamba goma sha tara. Farfesa."

Wallahi na manta na rubuta. Dariyar da aka yi har kanikawan tsallaken titi suka leƙo.

A wurin aka ɗaga hannu, aka sauke ni, biro biyun nan na miƙa su ga Kunnen Faranti. Surukina ya yi wata biyu gaisuwata ma da ka yake amsawa. Yanzu ya huce, amma duk ranar da ya zo gidana sai ya tsaya a bakin zaure, ya turo cikinsa gaba, ya ce, "Farfesa, ya yi sallama, ka amsa masa."

Ni kuwa na amsa, ina da zaɓi ne? Abin da na koya dai, in malama ta ce lamba kawai, to lamba kawai. Laƙabin mutane kuma a ciki nake ajiye su yanzu, cikina na gaske, inda babu mai juyewa.